Daga Zaure Zuwa Jangare: Asali da Ma'anar Ƙirƙirarrun Kalmomi a Adabin Ƙauyukan Arewacin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi kalmomi da salon maganar da Bahaushe ya ƙaga don ya ɓoye zancensa, ko don ya sa su a bakin waɗanda ba mutane ba: zaurancen yara, tsamin bakin Gizo, maganar iskoki a bori, da sunayen jarumai da birane a ƙagaggun labarai. Farfajiyar nazarin ita ce ƙauyukan arewacin Kano. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne ƙirƙirarriyar kalma a wajen Bahaushe tana da asali na gaskiya da za a iya bin sawunsa, domin daga Hausa ko daga harsunan maƙwabta ake lanƙwaso ta. Wannan ya bambanta ta da ƙirƙirarrun harsunan adabin Turai, inda marubuci ke ƙaga harshe ya kuma ƙaga masa tarihi. Saboda haka irin waɗannan kalmomi sun cancanci kulawar mai nazarin asalin kalma da mai rubuta ƙamus.

1. Gabatarwa



Duk wanda ya taɓo maganar ƙirƙirarrun harsuna a adabi, da J.R.R. Tolkien yake farawa. Tolkien ya zama malamin tsohon Ingilishi a Jami'ar Oxford a 1925, kuma kafin nan, tsakanin 1919 da 1920, ya yi aiki a babban ƙamusun Oxford yana tono asalin kalmomi. Da wannan sana'a ya ƙera harsunan mutanen labarinsa. Ya gina Quenya yana kallon amon harshen ƙasar Finlan, ya gina Sindarin yana kallon harshen mutanen Wales, sannan ya ƙaga wani tsohon harshe ya ce daga gare shi su biyun suka fito. Ya jera saiwoyin kalmomi, ya kafa dokokin sauye-sauyen sauti, har ya zamana kalmar tauraro tana fitowa elen a harshe ɗaya, êl a ɗaya, daga saiwa guda. Jerin saiwoyin nan sai a 1987 aka buga shi, shekara 14 bayan rasuwarsa, kuma har yau akwai masu zaman nazarinsa kamar yadda muke zaman nazarin ƙamusun Hausa na Bargery. Bayansa an yi Klingon na Marc Okrand, wanda ƙamusunsa ya fito a 1985, da Na'vi na Paul Frommer a 2009, da Dothraki na David Peterson a 2011, duk domin fim.

Ba Turawa kaɗai ke da wannan tarihi ba. A ƙarni na 16 wani sufi ɗan daular Usmaniyya, Muhyi Gulshani, ya tsara harshen Balaibalan daga Larabci da Farisanci da Turkanci. Wajen 1912 Sarki Njoya na Fumban a ƙasar Kamaru ya ƙirƙira wa fadarsa harshen Shumom. A nan Nijeriya, wajen 1930, mabiya cocin Oberi Okaime a ƙasar Ibibiyo sun fito da Medefaidrin, harshe mai rubutunsa da ƙidayarsa, suna cewa daga ruhi suka karɓo shi.

Tambayata ita ce: ina Bahaushe a cikin wannan jeri? Amsar da aka saba bayarwa ita ce ba ya ciki, tunda ba mu da marubucin da ya zauna ya tsara nahawu da ƙamus na harshen aljanu. Ni ina ganin an yi gaggawar yanke hukunci. Bahaushe yana ƙirƙirar magana, kuma ya daɗe yana yi, sai dai hanyarsa daban ce. Ba mutum ɗaya ke yi a kan takarda ba, jama'a ne ke yi da baki, kuma ba sa fara ginin daga fili fetal.

2. Farfajiyar nazari

Yankin da nake magana a kai shi ne ƙasar noman da ta kewaye birnin Kano ta arewa: Ungogo, Minjibir, Dawakin Tofa, Bichi, Makoɗa, Dambatta, har zuwa Kunci da Tsanyawa. A 1965 Michael Mortimore da J. Wilson suka fitar da nazarinsu kan ƙasa da jama'ar wannan kewaye na Kano, suka nuna wuri ne da jama'a suka yi cunkoso, ana noma gona ɗaya kowace shekara ba a barinta ta huta, ana riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke kaiwa a mangala. Gona na jingine da gona, gamba ce iyaka. Gero da dawa da wake da gyaɗa a ƙasa, gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a sama.

Wannan yanayi yana da alaƙa da batunmu ta fuska biyu. Ta farko, inda gida ke manne da gida, dangar kara ba ta tare murya. Yarinyar da ke son gaya wa ƙawarta sirri a bakin rijiya, ko a wajen sussuka, tana tsakiyar kunnuwa ne, iyaye da goggonni da ƙanne. Wanda ba shi da wurin ɓuya sai ya ɓoye maganar ita kanta. Ta biyu, a irin wannan ƙasa ba sauran ƙungurmin daji. Abin tsoron da a wasu wurare ake kai shi can nesa, a nan yana cikin gona: tsamiyar da ba a zama ƙarƙashinta da tsakar rana, kukar da ba a sara, tsohuwar rijiya, suri, juji. Mutanen ɓoye maƙwabta ne, kuma maƙwabci dole a san yadda yake magana da yadda ake kiran sunansa.

3. Zaurance

Sunan kansa yana bayyana ƙirarsa. Ɗafa-ƙeyar da ke samar da sunayen harsuna da kare-karen harshe, wadda muke gani a Turanci da Kananci da Sakkwatanci, tana da siffar bayanau mai ƙarewa da -e, kamar a Hausance, a Larabce. Idan aka cire ta daga zaurance, abin da ya rage yana nuni ga zaure, wato ɗakin shiga gida inda samari da almajirai ke kwana, inda kuma ake zance. Wato Bahaushe ya ba wannan wasa suna irin na cikakken harshe.

Paul Newman ya yi bayanin wasannin harshe na Hausa a babban littafinsa na nahawu na shekarar 2000, Ousseina Alidou kuma ta rubuta kundin digirinta na uku a Jami'ar Indiana a 1997 kan irin waɗannan wasanni a harsuna shida na Nijar, har da Hausa. Hanyoyin da suka fi yawa biyu ne: cusa gaɓa, da juya gaɓoɓi.

A wajen cusawa, ana zaɓar baƙi guda, yawanci b ko d, a sa shi bayan wasalin gaɓa, a maimaita wasalin. Hatsi ya koma habatsi, gona ta koma gobona. A salon da ke bin kowace gaɓa da d, "zo mu tafi" sai ta zama "zodo mudu tada fidi". Abin lura yana cikin rufaffiyar gaɓa. Garma ba ta zama garbama, gabarma take zama. Rumbu kuma rubumbu. Yaron da bai taɓa shiga ajin tsarin sauti ba ya san cewa baƙin da ya rufe gaɓa abu ne daban da wasalinta, yana tura shi gaba ya cusa abin da zai cusa. Amma idan ya zo kan tagwan wasali, sai ya ɗauke shi ɗungurungum: ƙaura ta zama ƙaubaura. Masana sun yi ta muhawara kan ko ai da au wasali guda ne ko wasali da baƙi. Bakin yara ya ba da tasa shaidar, kuma shaida ce mai nauyi, domin ba wanda ya koya musu amsar.

A wajen juyawa, gero ya koma roge, taki ya koma kita, rumbu ya koma burum. A nan ne batun ma'ana ke shigowa. Wani lokaci juyin yakan faɗa kan wata kalma da ke akwai, kamar dawa da ke komawa wada, sai a sami dariya da harshen damo. Wani lokaci kuma juyayyar kalma takan maƙale a bakin tsara guda bayan sun daina wasan, ta zama laƙabin wani ko sunan wani abu da ba sa son manya su gane. Wanda ya zo daga baya ya ji ta, zai ɗauka kalma ce marar tushe. Tushenta kuwa yana nan, juya shi kawai aka yi. Shi kansa Tolkien daga irin wannan wasa ya fara, domin Nevbosh da suka yi da 'yar'uwarsa suna yara murguɗa kalmomin Ingilishi da Faransanci da Latin ne. Bambancinsa da yaran Minjibir shi ne ya sami makaranta da takarda da shekarun da ya ci gaba da abin.

4. Gizo da mutanen tatsuniya

A tatsuniya, Gizo ba ya magana kamar kowa. Mai ba da tatsuniya da ta iya, idan ta zo kan maganarsa, sai ta mayar da s zuwa sh, r zuwa y: sarki ya zama shayki, ruwa ya zama yuwa. Wannan tsamin baki ba a ƙage shi daga iska ba. Maganar ƙaramin yaro ce, wanda harshensa bai riga ya iya kaɗa r ba. A nan hikimar take: mafi wayon halittu a tatsuniya yana magana da bakin wanda ba a zargi. Giwa da kura da sarki suna jin muryar yaro sai su saki jiki. Su kuma yaran da ke zaune suna ɓarar gyaɗa suna sauraro, sun ji mai wayon yana magana irin tasu. Idan aka rubuta tatsuniya aka miƙe wa Gizo baki, kamar yadda ake yi a wasu littattafan makaranta, an cire rabin ma'anar.

Sunansa ma yana da abin dubawa. Ƙwaron da ke saƙa a kusurwar ɗaki gizo-gizo ne, matar Gizo Ƙoƙi ce, ƙwaron da ke tsayawa ya ɗaga hannuwa kuma ƙoƙi-ƙoƙi. A Hausa cikakken ninki yakan ba da ma'anar kama da abu ba abun kansa ba: fari-fari bai kai fari ba, mutum-mutumin da ake kafawa a gona don korar tsuntsaye ba mutum ba ne. In muka bi wannan ƙa'ida, gizo-gizo na nufin mai kama da Gizo, wato sunan jarumin tatsuniya shi ne tushe, na ƙwaron shi ne reshe. Abin da ke ƙarfafa wannan ra'ayi shi ne Hausa na da wata kalmar ga ƙwaron, tautau, kuma gizo na fitowa a wuraren da ba ruwansu da ƙwaro: bakan gizo, da abin da ke yi wa mutum gizo a ido, wato yana gani kamar akwai shi alhali babu. Ma'anar da ta haɗa su ita ce abin da ke ruɗar gani. Yau kuma kalmar ta sake haihuwa a yanar gizo, inda ta koma wa ƙwaron da saƙarsa.

Tatsuniya takan haifar wa harshe kalma kai tsaye. A Hausar yamma sunanta gatana, wanda ba komai ba ne face kalmomin buɗe ta, "ga ta nan", da suka dunƙule suka zama suna har da jam'i. Ƙurunƙus da ake rufe ta da shi ya fita daga dandali ya shiga maganar manya, ana cewa magana ta ƙare ƙurunƙus. Bagaja kuwa, mai magana na yau ba ya haɗuwa da ita sai manne da ruwa, kuma ma'anar da yake ba ta, wato abin da samunsa ke da matuƙar wuya, daga tatsuniyar da littafin Abubakar Imam na 1934 ya same ta. Labari ne ya ciyar da kalmar.

Bayan lanƙwasa sauti da ninki, sai kuma hanya ta uku, wadda nake ganin ta fi kowacce ƙarfi, wato amo. Hausa na da rukunin sifofin girma masu maimaita gaɓar ƙarshe: shirgege, fankameme, zungurere, ribɗeɗe, wargajeje. Tana da na ƙanƙanta masu cike da wasalin i: mitsitsi, siriri, tsigigi. Tana kuma da amsa-kama birjik. Kunnen da ya tashi da waɗannan ya riga ya san girman abu daga jin sunansa. Bari in ƙaga suna biyu a nan take don misali: Gandarmo da Tsilili. Ba wanda ke cikin wannan ɗaki da zai ce Tsilili ne ƙaton da ke tare hanyar rafi. Kalmomin ba sa cikin ƙamus, amma ma'anarsu ta iso. Tsohuwar da ke ƙaga wa sabon dodo suna a tsakar gida da wannan taska take aiki.

Tarin tatsuniyoyin da muke da su a rubuce, daga juzu'i uku na Frank Edgar na 1911 zuwa 1913, da na R.S. Rattray na 1913, da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, har zuwa nazarin Sa'idu Babura Ahmad na 1997, cike suke da irin waɗannan sunaye da kalmomin waƙoƙin cikin tatsuniya. An nazarci jigo da zubi da taurari sosai. Kalmomin su kansu ne ba a zauna an bi su ɗaya bayan ɗaya ba.

5. Maganar iskoki

A nan ina magana ne a matsayin ɗalibin harshe. Hukuncin addini kan bori sananne ne, kuma ba shi ne batun wannan zama ba.

A.J.N. Tremearne ya rubuta kan bori a 1914, Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939 ya fitar da littafinsa a 1946, Fremont Besmer kuma ya nazarci 'yan borin Kano da makaɗansu a littafinsa na 1983. Abin da ya fito daga ayyukansu shi ne duniya cikakkiya mai birninta, Jangare, mai sarki da fadawa da gidaje da auratayya. Idan akwai abin da ya yi kama da ƙagaggiyar duniyar Tolkien a ƙasar Hausa, to wannan ce, kuma ta riga tasa daɗewa nesa ba kusa ba.

Dubi sunayen mazauna birnin. Wasu sarautu ne da aka kwaso daga fada: Ɗan Galadima, Sarkin Rafi. Wasu matsayi ne ko lalura: Malam Alhaji, Kuturu. Wasu sakaya suna ne, irin wanda matar ƙauye ke yi wa mijinta da ɗanta na fari: Doguwa ba suna ba ne, sifa ce da ake kira don kada a kama sunan, haka ma Mai-ja-ciki ga maciji. Kure namijin kura ne, da ƙirar jinsi ta yau da kullum. Inna kalmar uwa ce da Hausa ke tarayya da Fulatanci a kanta, kuma a bori Bafillatana ce. Gajimare da Uwar Gona da Greenberg ya tarar a wajen Maguzawa sunaye ne na manomi, ɗaya daga sama, ɗaya daga ƙasa. Shi kansa jam'in iskoki daga iska yake, abin da ake jin taɓinsa ba a ganinsa. Kalmomin sana'ar ma haka: wanda ake hawa doki ne ko goɗiya, shiga hawa ce, fita sauka, horon sabon shiga kuma girka, kalmar da ke kan murhu a kowane gida.

Idan iska ya hau, da wane harshe yake magana? Da Hausa, amma Hausar da aka karkata zuwa ƙabilarsa. Iskokin Fulani suna mayar da z zuwa j, suna sassauta ƙ da ts, suna cakuɗa jinsin namiji da na mace, domin Fulatanci ba ya raba suna gida biyu kamar Hausa. Na Gwari suna yin gwaranci. Da Turawa suka zo, Jangare ta buɗe musu gida. A 1925 a yankin Filinge na Nijar aka ga iskokin da ake kira Babule ko Hauka, masu faretin soja, waɗanda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin mabiyansu a Ankara ta ƙasar Gana ya fitar a 1955. Matthias Krings ya nazarci takwarorinsu na Kano a littafinsa na 1997. Sunayensu muƙaman bariki ne da bakin Bahaushe ya gyara: Kafaran daga kofur, Kwamanda Mugu daga kwamanda da sifar da talaka ya ga ta dace da shi. Maganarsu kuma tarkacen Turanci ne ko Faransanci na umarni da tsawa. Wanda ya tattara waɗannan kalmomi zai san abin da kunnen talaka ya fara riƙewa daga harshen mai mulki.

Dole in faɗi wani abu da ke damuna. Kwaikwayon bakin maƙwabci, ko a bori ko a tashe ko a fim, yana tafiya lafiya ne a inda akwai wasan barkwanci da ke ba kowa damar ramawa. Idan aka ɗauke shi daga wannan mahalli aka baza a waya, yakan zama izgili. Mai nazari ya rubuta abin da ya ji, amma ya rubuta har da wanda ake kwaikwaya da abin da shi yake cewa a kai.

Akwai wani rukuni da ya fi duk waɗannan wuyar sha'ani, shi ne surkulle na bokaye da 'yan tauri da masu wasa da maciji. A nan rashin fahimta shi ne ƙarfin kalmar. Duk da haka, idan aka saurara da kyau, ana tsintar gutsattsarin Larabci da aka tauna, da tsofaffin kalmomin Hausa da suka fita daga amfani, da amsa-kama da aka jera don kari. Rukunin tsakiyar nan shi ya fi daraja ga mai tarihin harshe, domin abin da ake haddacewa ba a canzawa yakan adana siffar da maganar yau da kullum ta yar.

6. Rubutattun labarai

A shekarar da Tolkien ya fitar da littafinsa na farko na wannan duniya tasa, 1937, a shekarar ce juzu'in farko na Magana Jari Ce ya fito a Zariya. Abubakar Imam bai ƙaga harshe ba, amma ya ƙaga sunaye da sani. Aku mai gasa da Waziri Aku sunansa Haziƙ, ɗan Waziri Aku kuma Fasih, daga kalmomin Larabci na kaifin basira da iya magana. Ƙasar Sinari tana tuna wa mai karatu Sinnar ta Sudan da ke kan hanyar alhazan ƙasa, 'yar sarkinta kuma Sinaratu, wato an ɗauki sunan ƙasa an sa masa ƙeyar sunayen mata irin ta Hadizatu da Salamatu.

Misalin da na fi so shi ne Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, na 1951. Tushen labarin jarumin Rasha ne, Ilya na Murom, mai yi wa Vladimir sarkin Kiyef hidima. Hausa ba ta da v, ba ta fara kalma da baƙi biyu, ba ta kuma son rufe suna da baƙi. Sai Vladimir ya fito Waldima, birninsa ya fito Kib. Sunan jarumin bai buƙaci gyara ba, tunda akwai Iliya a kowace unguwa. Ƙaton labarin kuwa aka ba shi Wargaji, ɗan'uwan wargajeje. Ɗalibin da ya karanta littafin a Dambatta bai ji baƙunta ba. Aron ya zo ne kamar takin da aka ɗauko daga birni: da ya shiga gona ya ruɓe, abin da ya tsiro na gida ne. A 1969 Umaru Dembo ya kai mu sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya, ya kira baƙon da ya sauko Kolin Koliyo, sunan da kunne ke jin ƙoli a cikinsa sau biyu.

Littattafan yaƙi na zamanin nan, waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ke cikin fitattun marubutansu, sun sami masu karatu da masu saurare har cikin ƙauyukan da nake magana a kai, a takarda da rediyo da waya. Na yaba da yadda suka riƙe matasa ga karatun Hausa. Abin da na lura shi ne sunayen irin waɗannan labarai sun karkata kusan gaba ɗaya ga amon Larabci, bin sawun Dare Dubu da Ɗaya: sarauniya mai ƙarewa da -atu ko -iyya, matsafi mai ibn a tsakiyar suna, birni mai -ul. Larabci gado ne namu, ba na ƙin sa. Amma idan kowane aljani da kowane birni daga gabas suke, mai karatu na koyon cewa abin mamaki ba ya tsirowa a ƙasarsa, alhali kakarsa na riƙe da hanyoyi uku na ƙera suna da ba a taɓa ba.

7. Tarkon asalin kalma, da aikin da ke gabanmu

Bahaushe na son fassara suna. An ce Bayajida "ba ya ji da" ne, an ce Karbagari "karɓa gari" ne. Wasu masana tarihi, irin su W.K.R. Hallam a 1966, sun danganta sunan farko da Abu Yazid, ɗan tawayen Arewacin Afirka da ya mutu a 947. H.R. Palmer kuwa ya cika littattafansa da haɗa sunaye don kawai sun yi kama a kunne, kuma masana na baya sun yi watsi da mafi yawan wannan. Mai bin sawun ƙirƙirarriyar kalma ya fi kowa kusa da wannan rami, domin kalmar ba ta da tsofaffin takardu da za su tsawata masa. Ma'aunin da nake ba da shawara shi ne kada a karɓi asali sai an nuna ƙa'idar da ta samar da shi tana aiki a wasu kalmomin. Waldima ta wuce, domin dokokin da suka gyara ta su ne suka mayar da wasu ɗaruruwan kalmomin aro yadda suke. Gizo-gizo ta wuce a matsayin ra'ayi mai hujja, domin ninkin yana da 'yan'uwa. Kamar sauti kaɗai ba hujja ba ce.

Wannan bai sa a zubar da fassarar da mai tatsuniya ta bayar ba. Idan tsohuwa a Bichi ta ce an kira dodon kaza da sunansa ne saboda ƙarar da tafiyarsa ke yi, wannan bayani ne kan yadda kalmar ke rayuwa a ranta, kuma shi ke sa ta faɗe ta da irin muryar da take faɗa. A ba shi gurbinsa daban, a ba binciken mai nazari nasa.

Ƙamusun Bargery na 1934 mai kalmomi kimanin 39,000, da na Abraham na 1949, da ƙamusun kwatance na Neil Skinner na 1996, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, an gina su ne kan maganar mutane da mutane. Abin da nake kira a yi shi ne ƙaramin ƙamus na maganar da aka sa a bakin wasu. Kowace kalma a rubuta ta da karin sautinta da tsawon wasalinta, domin amsa-kama da sunan dodo in aka cire musu kari sun mutu. A rubuta wanda ke faɗinta a cikin labarin, Gizo ne ko Dodo ko iska. A rubuta garin da aka ji ta, domin abin da ake faɗa a Kunci ba lalle ya zama na Ungogo ba. A ɗauki murya, tunda waya na hannun kowane ɗalibi. Ɗalibanmu na sassan Hausa da yawa daga waɗannan ƙauyuka suke, kuma ɗakin da baƙo namiji ba zai shiga ba, jika na shiga ba sallama biyu. Zaurance da tatsuniya ba su da shamaki. Surkulle da kalmomin girka kuwa masu su na ɗaukarsu sirri ne da abin cin abinci, don haka ba za a ɗauka ba sai da yardarsu, kuma a gaya musu tun farko inda abin zai je da wanda zai karanta.